Ubuntu, Debian ko Windows: Wace Babbar Manhaja Za Ka Ɗora Wa Kwamfutar Da Za Ta Riƙe Maka Hotunanka?

Wata Asabar da yamma ina zaune a majalisa sai ga kiran yayana mai shagon ɗaukar hoto. Ko sallama bai ƙarasa ba ya ce, "Kai, abin nan da ka haɗa min ya ƙi buɗewa. Ga gwaggon amarya zaune a shago tun la'asar, hotunan kamu take jira." Na ce, "Yaya, ba ni minti goma." Minti goman nan sai da ta kai ni ƙarfe ɗayan dare.

Abin da na haɗa masa wata tsohuwar kwamfutar tebur ce da na mayar rumbun hotuna. Duk aikin da ya ɗauko a nan yake zubawa, yaransa na shago kuma su buɗe ta waya su nemo hoton da ake so. Ranar an ɗauke wuta ana tsakar kwafe hotunan bikin, da aka dawo da ita sai foldar ta ƙi karantuwa. Laifin kuwa nawa ne ta fuska biyu. Na bar faifan ajiyar a tsarin da ya zo da shi daga kasuwa, wanda ba ya jure yankewar wuta. Sannan na ɗora wa kwamfutar wani nau'in Linux da na gani a bidiyo ya burge ni saboda kyan fuskarsa, da matsala ta zo duk bayanin gyaran da na samu a intanet na wasu nau'o'in ne daban. Allah Ya rufa asiri yayana bai riga ya goge katin kyamarar ba, da ban san da idon da zan kalle shi ba.

Tun daga ranar na daina zaɓen babbar manhaja da ido. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa, shi ya sa na ga ya dace in kawo muku abin da na koya.

Me ake nufi da riƙe rumbunka da kanka?

Yawancinmu Google Photos muka sani. Tun ranar 1 ga Yunin 2021 Google ya daina bayar da wurin ajiyar hotuna mara iyaka kyauta, yanzu 15GB ne kawai, kuma Gmail da Drive da Photos duk a cikinsa suke ci. Daga 2024 ajiyar hirarrakin WhatsApp ta masu Android ita ma ta shiga lissafin. Idan ya cika, ko dai ka goge ko ka riƙa biya duk wata.

Akwai hanya ta uku. Ka samu kwamfuta ɗaya ka ajiye a gida ko a shago tana kunne, wayoyi su riƙa tura mata hotuna da bidiyo, ita kuma ta jera su ta yadda za a iya nemo su. Kwamfutar da ke yi wa wasu na'urori hidima irin haka ita ake kira uwar garke, wasu su ce saba. A kanta ake ɗora manhajar kula da hotuna da fayiloli, kuma akwai da dama da ake samu kyauta:

Immich ita ta fi kama da Google Photos. Wani mai suna Alex Tran ya fara ta a 2022. Tana da manhajar Android da iPhone mai tura hotuna da kanta, tana gane fuskoki, tana nuna a taswira inda aka ɗauki hoto, kuma duk wannan aikin a kwamfutarka ake yin sa.

PhotoPrism ita ma ta hotuna ce, ta burauza ake amfani da ita.

Nextcloud, wadda Frank Karlitschek ya kafa a Jamus a 2016, ta fi kusa da Google Drive, kowane irin fayil tana karɓa.

ResourceSpace ta ma'aikatu ce da ƙungiyoyi. Ana rubuta wa kowane hoto bayaninsa, wa ya ɗauka, a ina, wa ke da izinin amfani da shi, sannan a ware wanda zai gani da wanda zai sauke.

Duk waɗannan ba sa tsayuwa da ƙafarsu. Sai an fara ɗora wa kwamfutar babbar manhaja, wato irin matsayin da Android ke da shi a wayarka. Sauya manhajar hotuna abu ne na yini ɗaya, amma sauya babbar manhaja bayan ka tara hotunan shekara uku tamkar sake ginin tushe ne alhali mutane na cikin gidan. Saboda haka a nan ya kamata a fi nutsuwa.

Tambayoyi huɗu kafin ka sauke komai

Ta farko, da wace babbar manhaja masu manhajar hotunan suka rubuta jagorarsu? Buɗe shafinsu ka duba. Idan misalansu duk na Ubuntu ne ko Debian, to a kansu suka fi gwadawa, kuma yawancin masu amfani da ita can suke.

Ta biyu, shekara nawa za a yi ana turo mata gyaran tsaro? Kwamfutar da ke ɗauke da hotunan iyalinka bai kamata ta zauna da ƙofar da aka san a buɗe take ba.

Ta uku, nawa take ci daga RAM tun kafin ta fara aiki? Tsohuwar kwamfuta mai 8GB ba ta da rarar da za a ɓatar kan ado.

Ta huɗu ita ce wadda na faɗi a kanta: ranar da ta lalace da tsakar dare, idan ka kwafi saƙon matsalar ka nema a intanet, za ka samu wanda ya taɓa shiga irinta ya fita?

Ubuntu Server

Kamfanin Canonical ke yin Ubuntu, wanda Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya kafa, kuma ta fara fitowa a Oktoban 2004. Lambobinta kwanan wata ne. 24.04 na nufin Afrilun 2024.

A nan akwai tarkon da sababbin shiga ke faɗawa. Duk wata shida ake fitar da sabuwa, amma ba duka ke daɗewa ba. Wadda aka rubuta wa LTS, mai fitowa a watan Afrilu duk bayan shekara biyu, ita ke samun gyaran tsaro na shekara biyar. Sauran wata tara kawai suke samu. Don haka 24.04 LTS tana da tallafi har 2029, alhali 24.10 da ta fito bayanta tuni wa'adinta ya ƙare. Girman lamba ba shi ne ba, haruffan nan uku za ka nema. Idan ka yi rajistar Ubuntu Pro, wadda kyauta ce ga mutum ɗaya har kwamfuta biyar, tallafin ya kai shekara goma.

Ubuntu Server ba ta da fuska irin ta Windows. Baƙin allo ne da rubutu, kuma wannan ne ya sa abin da take ci a zaune bai wuce ɗaruruwan megabait ba. Tana ɗora gyaran tsaro da kanta ba sai ka tuna ba. Babban ƙarfinta shi ne yawan jama'a, da wuya ka gamu da matsalar da ba a riga an tattauna ba.

Hattara da abu ɗaya. Immich ta cikin Docker take aiki, wato wata manhaja mai killace kowace manhaja a akwatinta tare da duk abin da take buƙata. Lokacin da kake ɗora Ubuntu Server za a nuna maka jerin ƙarin manhajoji, har da Docker, a ce ka zaɓa. Tsallake shi. Wancan nau'in na Snap ne, an taƙaita masa foldojin da zai iya taɓawa, ranar da ka jona faifai na biyu zai ba ka ciwon kai. Bari ka gama, sannan ka bi matakan da ke shafin Docker ɗin kansa.

Debian

Da tsohuwar zuma ake magani. Ian Murdock ya fara Debian a 1993, kuma ita ce tushen da aka gina Ubuntu a kai, shi ya sa umarninsu kusan ɗaya ne. Wanda ya iya `sudo apt update` a ɗaya ya iya a ɗayar. Babu kamfanin da ya mallake ta, 'yan sa-kai ne daga ƙasashe daban-daban ke tafiyar da ita. Debian 12 ta fito a Yunin 2023, Debian 13 a Agustan 2025, kuma kowacce kan samu tallafin kimanin shekara biyar.

Halinta shi ne rashin gaggawa. Manhajojin da ke cikinta ba sa sauyawa sai gyaran tsaro, abin da ka bari jiya shi za ka tarar gobe. Ta fi Ubuntu rashin nauyi, kuma ƙaramin fayil ɗin ɗora ta bai kai 1GB ba, na Ubuntu Server kuwa ya haura 2GB, sai dai ka sani ita Debian tana sauko da sauran kayanta ne lokacin ɗorawa. A da mutane na kuka da cewa ba ta gane Wi-Fi ɗin laftof, amma tun daga Debian 12 an haɗa mata abubuwan da ke magance yawancin wannan.

Kuɗin da za ka biya shi ne ɗan ƙarin aikin hannu. Misali sabuntawa ta atomatik sau da yawa sai ka ɗora `unattended-upgrades` da kanka. Kuma wajen ɗorawa za ta tambaye ka ko kana son fuska, cire alamar da ke kan wannan ka bar ta SSH kawai.

Rocky Linux, AlmaLinux da darasin CentOS

Shekaru da dama CentOS ce abin ƙaunar masu uwar garke, domin kwafin Red Hat Enterprise Linux ce kyauta. CentOS 8 ta fito a 2019 ana sa ran tallafinta zai kai 2029. A Disambar 2020 aka sanar da cewa a ƙarshen 2021 zai tsaya. Waɗanda suka yi shirin shekara goma suka wayi gari da shekara ɗaya a hannu. Daga nan aka samu Rocky Linux, wadda Gregory Kurtzer, ɗaya daga waɗanda suka kafa CentOS, ya jagoranta, da kuma AlmaLinux. Dukansu biyun suna ba da tallafin shekara goma.

Manhajoji ne masu ƙarfi, kuma idan burinka aikin kula da uwar garke a banki ko kamfanin sadarwa, koyonsu riba ce. Ga mai farawa a gida kuwa suna da tsauri. Suna zuwa da wani tsarin tsaro mai suna SELinux da zai iya hana manhajarka karanta foldar hotuna, kai kuma kana ganin ka yi komai daidai. Kuma yawancin jagororin manhajojin hotuna da `apt` aka rubuta su, su kuma `dnf` suke amfani da shi. Darasin da za ka ɗauka a nan shi ne ka riƙa tambayar a hannun wa alƙawarin tallafin yake, sannan idan ka ci karo da tsohon bidiyo yana cewa ka ɗora CentOS 7 ko 8, wuce shi. Ta 7 ma wa'adinta ya ƙare a ƙarshen Yunin 2024.

TrueNAS da OpenMediaVault

Waɗannan an yi su ne musamman don ajiya, kuma ta burauza ake sarrafa su da latse-latse. TrueNAS tana amfani da tsarin faifai mai suna ZFS, wanda ke binciken ko wani fayil ya lalace a ɓoye, ya kuma gyara shi idan akwai faifai na biyu mai kwafinsa. Sai dai tana buƙatar aƙalla 8GB na RAM, da faifai na daban da ita kanta za ta zauna a kai, kuma ba ta son faifan da aka jona ta USB. Ta mai kwamfutar tebur ce mai ɗaukar faifai biyu zuwa sama, kamar situdiyon da aiki ya yi wa yawa. OpenMediaVault a kan Debian aka gina ta, ta fi sauƙin nauyi, har a Raspberry Pi tana aiki.

To Windows fa?

Na san tambayar da ke ranka ke nan, tunda ita ka saba da ita. Za ta iya, amma ta doguwar hanya. Docker a kan Windows sai ya tayar da ƙaramin Linux a ciki ta hanyar WSL2, ka ga kana ciyar da babbar manhaja biyu da RAM ɗaya. Masu Immich sun bayyana cewa Linux suka fi so, kuma rumbun bayananta ba ya zama lafiya a faifai mai tsarin NTFS ko exFAT. Sannan Windows kan sake kunna kanta don kammala sabuntawa, abin da ba ka so ga kwamfutar da ba kowa a gabanta.

Akwai kuma batun wa'adi. Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin Windows 10 na yau da kullum ranar 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma tana neman TPM 2.0 da masarrafa ta baya-bayan nan, wanda tsofaffin laftof da yawa ba su da su. Irin waɗannan laftof ɗin da suka cika kasuwannin 'yan gwanjo su ne daidai wannan aiki idan aka sa musu Linux. Ka dai tabbatar mai 64-bit ce, kuma ka kai RAM ɗinta 8GB idan Immich za ka ɗora.

Wuta, faifai da layi

Masu rubuta jagorori a Turai da Amurka ba sa lissafin ɗauke wuta, mu kuwa da shi muke kwana. Shi ya sa na fi ba da shawarar laftof a kan kwamfutar tebur, batirinta zai riƙe ta kafin a tayar da janareta ko a koma inbata. Don kada ta yi barci in an rufe murfinta, buɗe fayil ɗin `/etc/systemd/logind.conf` ka sa `HandleLidSwitch=ignore`. Ajiye ta inda iska ke shiga, ka riƙa kaɗe mata ƙura musamman da hunturu, ka kuma riƙa duba batirin ko ya fara kumbura. Idan ta tebur ce, haɗa mata UPS, sannan ka shiga BIOS ka saita ta kunna kanta idan wuta ta dawo.

Faifan ajiya kuma, a nan na ƙone. Faifan waje yakan zo da tsarin exFAT ko NTFS don ya yi aiki a Windows. exFAT ba ya ajiye rajistar abin da yake shirin rubutawa, idan wuta ta yanke a tsakiya zai iya rikicewa. Tsarin ext4, wanda Ubuntu da Debian ke amfani da shi tun asali, yana da wannan rajistar, da an kunna zai duba inda ya tsaya ya daidaita kansa. Mayar da faifanka ext4 tun yana fanko, domin yin hakan yana goge duk abin da ke ciki. Idan da hali, babbar manhaja da rumbun bayanai su zauna a SSD, hotuna a babban faifai. Ka bar sarari, domin ƙananan kwafin hotuna da bidiyon da Immich ke samarwa kan ƙara kashi 10 zuwa 20 cikin 100 a kan girman ajiyarka.

Ga albishir ga masu lissafin data: idan wayarka da uwar garken suna kan rauta ɗaya, tura hotuna ba ya cin ko sisin datarka, a cikin gida suke zagayawa. Matsalar tana zuwa ne idan kana waje. Layukan waya galibi suna haɗa mutane da yawa a adireshin intanet guda, don haka ba za ka iya ƙwanƙwasa ƙofar kwamfutarka kai tsaye ba. Tailscale na warware wannan. Ka ɗora shi a uwar garken da wayarka, sai su ga juna ta rufaffiyar hanya ko kana wani gari, ba tare da ka buɗe kwamfutar ga duk duniya ba.

Kada baƙin allon ya tsorata ka. Bayan ɗorawar farko ba sai ka sake zama gaban kwamfutar ba. Da manhajar Termius ko Termux za ka shiga ta wayarka ka ba da umarni, idan kuma ka fi son latsawa, ɗora Cockpit ka riƙa ganin RAM da faifai da sabuntawa ta burauzar waya.

Wacce za ka ɗauka?

Idan wannan ne karonka na farko, ɗauki Ubuntu Server mai LTS. Idan ka ɗan saba da Linux, ko kwamfutar ta tsufa sosai, ɗauki Debian. Idan shago ne mai faifai da yawa da wuta tsayayya, duba TrueNAS. Rocky da Alma ka bar su sai ranar da kake koyon aikin kamfani. A shagon yayana Debian ce yanzu a kan wata tsohuwar laftof, da Immich a cikin Docker, kuma rabon da ya kira ni a kanta har na manta.

Duk wadda ka zaɓa, ka sani ba ta hana faifai mutuwa, ba ta hana ɓarawo, ba ta hana gobara. Wani mai ɗaukar hoto Ba'amurke, Peter Krogh, ya yaɗa wata ƙa'ida da ake kira 3-2-1: kwafi uku na kowane fayil, a kan na'urar ajiya iri biyu, ɗaya kuma a wani wuri daban. A aikace, sayi faifan waje na biyu, duk Juma'a ka kwafe hotunan tare da rumbun bayanan, domin a cikinsa sunayen fuskoki da kundayenka suke, sannan ka kai faifan gidan wani ɗan'uwa. Lokaci-lokaci ka jona shi ka buɗe wasu hotuna ka tabbatar suna nan. Kuma kada ka goge komai daga wayarka sai ka ga hoton a wuri biyu da idonka.

A rubutu na gaba, in Allah Ya yarda, za mu bi matakan ɗora Ubuntu Server daga filash ɗaya bayan ɗaya, har zuwa hoton farko da zai tashi daga wayarka ya sauka a rumbunka. Kafin nan, duba tsohuwar laftof ɗin da ke ajiye a gida ka ga nawa ne RAM ɗinta, kuma batirinta na riƙe caji ko a'a.